Ɗingishin Mama Doris

Asabar ce ranar aikinsu. Da hantsi Nguavese kan rufe ɗan shagonta na zanen allunan talla da katunan biki da ke hanyar Makurdi, ta sa allon zanenta na lantarki a jaka, ta tari Keke zuwa cikin garin Lafiya, gidan su Ashemi. A bakin zauren gidan akwai ɗakin da marigayi Alhaji Mala, mahaifin Ashemi, yake tara buhunan riɗi a da. Har yanzu in rana ta take sai ɗakin ya ɗauki ƙamshin riɗin. A nan suka kafa tebur da kujerun roba, a nan kuma damina ta same su, ta wuce, ta sake dawowa, suna haɗa gem, wato wasan da ake yi a waya.

Su uku ne. Ashemi ke rubuta kod, wato shi ke sa abubuwa su motsa. Alexander, mai kaɗa piyano a wani coci da ke Bukan Sidi, shi ke da sauti: kukan akuya, hon ɗin 'yan okada, da ɗan kiɗan da ke bi ta ƙasa. Duk abin da ido zai gani kuwa, daga ciyawar bakin hanya har zuwa rumfunan kasuwa, hannun Nguavese ne.

Gem ɗin ba shi da wuyar fahimta. Wata tsohuwa ce ɗauke da daron doya a ka, za ta kai kasuwar Agyaragu. Mai wasa zai riƙa kaucewa da ita daga ramuka da awaki da 'yan okada, in daron ya karkata sosai doya ta zube, a koma farko.

Tsohuwar nan mahaifiyar Nguavese ce. Mama Doris ta faɗo daga bayan motar doya tun Nguavese na goye, mai ɗori ya ɗora ƙafar hagun ba daidai ba. Tun daga nan tafiyarta ta zama taku ɗaya cikakke, ɗaya gajere, kafaɗa ta ɗan nutsa ta taso. Amma daro bai taɓa faɗowa daga kanta ba. Nguavese ta sha bin bayanta a hanyar gona tana ɗaukarta a waya ba tare da ta sani ba, ta dawo Lafiya ta yi ta zana ƙafar tana gogewa, har ranar da matar cikin allon ta yi taku irin na gida. Ranar Ashemi ya miƙe tsaye ya yi mata tafi. Shi da kansa ya rubuta kod ɗin yadda daron zai riƙa karkata a duk gajeren taku.

Da azahar Hajiya Jumai, mahaifiyar Ashemi, kan turo ƙofa da ƙafa, hannuwanta riƙe da tire.

"'Yan gayya, a taso a ci," haka take cewa kullum.

Su kuma su yi dariya su ture kwamfutoci gefe. Wata rana burabusko da miyar yakuwa, wata rana shinkafa da wake da man ja. Ba a taɓa fashi ba, ko da azumi ne, Ashemi na azuminsa, su biyun sai an kawo musu.

Wata Asabar, Alexander ya suɗe yatsu ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo, "Hajiya, wallahi wannan miya ya wuce na wancan sati. In Ashemi ya kore ni, zan dawo ɗanki kawai."

"Ka fara yin aure tukuna, sarkin ci," in ji Hajiya, ta kwashe kwanuka ta fita.

Sai da ta fita Ashemi ya juyo da laftof ɗinsa gare su. Fuskarsa cike da murna, yana ta murza tafin hannu.

"Jama'a, Allah ya yi. Wani kamfani na Legas da ke fitar da gem ya ga namu a gasar nan da na tura. Suna so. Su za su tallata shi, su kai shi ƙasashen waje. Mun gama magana, na sa hannu."

Alexander ya buga tebur ya yi ihu har Hajiya ta leƙo. Nguavese ma ta ji daɗi ya ratsa ta, ta rufe baki da hannu. Ashemi ya danna, sabon shafin farko ya bayyana. Ga Mama Doris da daronta, rana na fitowa a bayanta. A ƙasa da manyan haruffa an rubuta: Ƙirƙirar Ashemi Mala. Can ƙasa kuma da ƙanana: Godiya ga abokai da suka taimaka.

Nguavese ta karanta. Ta sake karantawa. Ta jira ko akwai wani shafin da zai biyo baya, babu.

"Abu ɗaya suka nema a gyara," Ashemi ya ci gaba, bai lura da ita ba. "Tafiyar tsohuwar. Masu gwada musu gem sun rubuto cewa akwai matsala, hoton yana tsalle. Sun ɗauka kuskuren kod ne. Na yi musu bayani, suka ce duk wanda ya sauke gem ɗin haka zai ɗauka, ya goge. Ngu, ki daidaita mata ƙafar kawai. Aikin yini ɗaya ne a wurinki."

Nguavese ta ɗauke idonta daga allon. Ita dama ba mai saurin magana ba ce, sai abu ya kwana a cikinta take sanin sunansa. Ta jira Alexander ya fita amsa waya, sannan ta ce a hankali, "Ashemi, ina sunana?"

Ya dube ta da mamaki na gaskiya, irin na mutumin da aka tambaya ina ya ajiye abin da ba a taɓa ba shi ba.

"Ai ga shi nan, abokai."

"Abokai ba sunana ba ne."

"Haba Ngu. Tun ran farko me na ce muku? Na ce ina da tunanin wani gem, ku zo ku yi mini gayya, in mun gama nawa mu koma na wani. Ko ban faɗa ba?"

Ya faɗa. Ta tuna sarai. A bakin shagonta ya faɗa, yana zaune kan mashin ɗinsa.

"Ɗakin namu ne, man janareta nawa, data nawa, Hajiya ba ta taɓa barin ku da yunwa ba. Ni ban ɓoye muku komai ba. Kuma ban manta alkawari ba. Na Alex za mu shiga bayan Kirsimeti, daga nan sai naki. Ranar da muka zo gonarki, ko harafi ɗaya na sunana kar ki sa. Zan rubuta miki kod har ki ce ya isa."

"Wannan matar uwata ce."

"Na sani mana. Shi ya sa ma nake murna, duniya za ta gan ta."

"Da ƙafar wata."

Kafin Ashemi ya amsa sai Alexander ya dawo yana waƙa, maganar ta tsaya nan.

Da la'asar suka fito tare da Alexander, suna takawa zuwa bakin titi. Ta tambaye shi ko shi abin bai dame shi ba.

"Sista, abeg, kar ka sa kanka a wahala," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Ni kukan akuya na yi. Akuya ma ba a sa sunanshi ba, shi ne ya yi kukan. Ashemi ba ɓarawo ba ne. Ya ce zai yi mini nawa, zai yi. Kai dai ka gyara ƙafa, a wuce wurin."

"In da waƙar babanka ce aka ce ka canza mata murya fa?"

Ya sosa ƙeya. "Babana bai iya waƙa ba," ya ce, ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya tare mata Keke ya juya.

Abin da ya fi cin ta shi ne ta rasa inda za ta ajiye fushinta. Da Ashemi ya yi mata ƙarya da abin ya zo da sauƙi. Bai yi ba. Kowace Asabar an kira su 'yan gayya a gabanta, ta yi dariya, ta sa hannu a kwano.

Washegari Lahadi ta shiga mota zuwa garinsu Agyaragu. Ta tarar an taso daga coci, Mama Doris ta cire ɗankwalin ado tana zaune a gindin mangwaro tana feraye rogo. Suka gaisa da yarensu na Tibi, da shi kuma suka yi sauran maganar. Nguavese ta zauna a kan turmi ta ba ta labari tun daga farko, ba ta rage komai ba. Ta yi zaton tsohuwar za ta tashi da faɗa.

Mama Doris ta ci gaba da feraye rogonta. Can ta ce, "Shi ya kira ku?"

"Shi ne."

"A gidansu kuke yi?"

"E."

"Kin ci abincin uwarsa?"

"Mama, kowane mako."

"To gonarsa ce." Ta jefa rogon cikin ruwa. "Kin taɓa ganin an yi wa mutum noman gayya, da kaka masu noman su zo su ce wannan kunyar tawa ce? Abin kunya ne, 'yata. Kar ki ja a ce 'yar Doris ta ci tuwon mutane ta dawo tana neman doyarsu."

"Amma ke ce a ciki. Ke na zana. Yanzu sun ce in miƙe miki ƙafa."

Tsohuwar ta tuntsire da dariya har wuƙar ta kusa faɗuwa. "Su miƙe mana! Mai ɗori ya kasa, asibiti sun kasa, in mutanen Legas za su iya ai sai godiya. Ki ce su haɗa da bayan nan ma, yana damuna da sanyi."

Nguavese ta yi murmushin dole. Idanunta suka cika, ta kau da kai. Uwar ta gani, ta daina dariyar, amma ba ta janye maganarta ba. Ta miƙe ta ɗauki robar rogon ta aza a ka, ta nufi madafa. Taku ɗaya cikakke, ɗaya gajere. Ruwan cikin robar ko ɗigo bai zuba ba.

Nguavese ta daɗe zaune a kan turmin. A jikin rumbu, inda idonta ya sauka, garemanin gidan ne jingine. Ta babanta marigayi na nan, ƙotar ta yi baƙi ta yi santsi saboda gumi. Garmar nan ta shiga gonakin rabin mutanen unguwar. Tana yarinya ta sha ganin baban ya dawo daga gayya da yamma, cikinsa cike da tuwon wani, hannunsa babu doya ko ɗaya, garmar a kafaɗa. Bai taɓa baro ta a can ba, ba a kuma taɓa cewa ya bari ba.

Ba ta jira Asabar ba. Ranar Talata da safe ta je gidan su Ashemi. Hajiya Jumai na shara a tsakar gida.

"A'a, 'yata, yau ba ranarku ba ce. Kin karya kuwa? Akwai kunu."

"Na gode Hajiya, na ƙoshi."

Hajiya ta tsaya da tsintsiya a hannu ta bi ta da kallo. Yarinyar ba ta taɓa ƙin abincin gidan ba.

Ashemi na ɗakin riɗi. Nguavese ba ta zauna ba. Ta ciro ɗan filashi na ajiye fayilolin kwamfuta ta ajiye a gabansa.

"Ga hanyar nan, da itatuwa, da awaki, da kasuwar, da 'yan okada, duk manyan fayilolin. Naka ne. Na ci abincin Hajiya, ba zan ce komai a kansu ba. Ka sa sunan da kake so."

"Ngu..."

"Amma tsohuwar ba ta ciki. Da ita na zo. Tun kafin ka kira gayyarka nake zana ta. Zan koma da ita gida."

Ashemi ya cire tabaransa ya ajiye. "Kin san me kike faɗa kuwa? Ita ce fuskar gem ɗin. Ita suka gani suka so. Na riga na sa hannu, sun sa ranar fitarwa. In na ce musu babu ita, za su ce ni yaro ne, ban san abin da nake yi ba."

"Na sani."

"To shi ke nan, na ji. Laifina ne, ban yi tunani ba. Zan sa sunanki. Zane: Nguavese. Da manyan haruffa, daidai da nawa. Yau ɗin nan zan tura musu."

Abin da ta zo nema ranar Asabar ke nan, ga shi an miƙo mata. Ta ji zuciyarta ta karkata kamar daron nan.

"Da ɗingishin?"

Ya dubi allon, ya dube ta. "Wannan ba a hannuna yake ba. Na roƙe su, wallahi na roƙe su. Sun ƙi."

"To sunana a ƙarƙashin wa zai zauna? Matar da ke tafiya daidai ban san ta ba."

"Hotunanta suna cikin kwamfutata, kin sani ko?" Muryarsa ta yi ƙasa. Ba barazana ce a cikinta ba, ya fi kama da mai faɗa wa kansa. "Akwai yara a Legas da za su miƙe ƙafar nan kafin la'asar. Babu takarda tsakaninmu."

"Babu. Ni ma ba ni da lauya. Faɗa maka kawai na zo yi."

Ta juya ta fita. A zaure ta ci karo da Hajiya riƙe da kofin kunu, ta kawo duk da haka. Nguavese ta rusuna ta ce sauri take yi. Wannan ƙin karɓar ya fi duk abin da ta faɗa a ɗakin yi mata nauyi, ta tafi da shi a ƙirji har shago.

Makonni suka shige ba wanda ya kira wani. Asabar ta zo ta same ta a shago tana zana allon wani mai sayar da taya. Duk sanda wayarta ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi, tana jiran ranar da za ta ga uwarta a tallar Legas tana taku kamar soja. Wani lokacin ta ce da kanta ta yi wauta, ta jefar da suna a ƙasashen waje saboda ƙafar da mai ita ma dariya take yi mata. Wani lokacin ta ce ko an sake, haka za ta yi.

Alexander ne ya zo ya nuna mata ranar da gem ɗin ya fito, a makare. Ya miƙa mata wayarsa bai yi wasa ko ɗaya ba. Ga hanyarta, ga itatuwanta, ga akuyar nan mai baƙin kunne da ta zana don tsokanar Alexander. A tsakiyar hanyar wani saurayi ne mai jar riga, ɗauke da kwando, yana gudu sumul. Kwandon ba ya karkata, sai an yi karo doya ke zuba.

"Sun rage masa abubuwa da yawa a kwantiragi saboda jinkiri," in ji Alexander. "Ya sha wahala, sista. Amma bai ba su tsohuwa ba. Sun nema, ya ce ya goge."

"Ya goge?"

"A gabana."

Ta mayar masa da wayar. Ta rasa abin da take ji. Ba ta ga sunanta ba, ba ta kuma nema ba.

Bayan Kirsimeti, wata Asabar da hantsi, mashin ya tsaya a ƙofar shagonta. Ashemi ne, jakar laftof a baya. Ya rame. Ya yi sallama ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Alex ya ce a fara da naki, nasa bai nuna ba. Yau gonarki ce. Ga ni."

Ta ajiye burushin hannunta. "Ban dafa komai ba."

"Ba komai, zan jira. Ko burodi ne."

"In na ciyar da kai, sunanka ba zai hau ba."

"Haka aka saba. Ni ban zo da wata magana ba."

Ta dube shi. Da gaske yake. Zai zauna ya yi mata damina biyu yana rubutu, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi, kuma a ransa an yi daidai. Ta auna abin a zuciyarta, ta ga shafin farko da sunanta shi kaɗai, aikinsa a ƙarƙashi ba mai gani. Bai yi mata daɗi ba ko kaɗan.

"Ni ba gayya zan kira ba, Ashemi. In za ka zauna, kowa ya sayi abincinsa wurin mai shinkafar can. Sunaye biyu a gaba. Kuma ba mai sa hannu a komai sai ɗayan na wurin."

Ya gyara igiyar jakar a kafaɗarsa. "Wato ba za ki bar ni in rama ba."

"Ba ramuwa nake so ba."

"In na koma na ce wa Hajiya na zo aikinki na sayi abinci da kuɗina, me kike so ta ɗauka? Ta riga ta ce tun ranar kunun nan kin yanke mu." Ya dubi ƙasa. "Ni abin da na sani ke nan, Ngu. An yi maka, ka yi wa mutum. Wannan naki, ban san yadda ake zama a cikinsa ba."

"Ni ma ban sani ba. Sai mu koya."

Wata motar doya ta wuce a titi, shagon ya ɗan girgiza.

"Bari in yi tunani," ya ce. Ya koma kan mashin ɗinsa, ya buga sau biyu kafin ya tashi.

Nguavese ta wanke hannu ta goge a zaninta. Ta ciro allon zanen daga jaka ta kunna, ta buɗe fayil ɗin da ba ta taɓa ba tun ranar Talatar nan. Mama Doris ta fito da daronta, a kan farin fili, babu hanya, babu itace, babu kasuwa a gaba. Nguavese ta danna. Tsohuwar ta ɗaga ƙafa, taku ɗaya cikakke, ɗaya gajere, kafaɗa ta nutsa ta taso. Tana ta tafiya a wuri ɗaya, don babu kod ɗin da zai kai ta ko'ina.

Nguavese ta jingina allon da gwangwanin fenti inda za ta riƙa ganinsa, ta ɗauki burushi ta koma kan allon tallan da take zanawa.